Ƙawar Baraka a Kamba

A shekarar da Faransawa suka ɓata da Ingilishi, aka rufe hanyar Kamba. Mu mutanen Gaya ba wanda ya tambaye mu. Safiya ɗaya kawai aka girke gardi, wato ɗan sandan Faransawa, a bakin iyaka, wai kumandan ya ce a da su da Ingilishi ƙawaye ne, yanzu ƙawancen ya mutu.

Baraka mai tuyar kifi ce ta fi kowa jin haushi. Ƙawarta Jumma na aure a Kamba, kuma ba ƙawancen gaisuwar hanya ba ne. Tun suna 'yan mata suka ƙulla shi da goro a gaban iyaye, bikin ɗaya na ɗaya ne, makokin ɗaya na ɗaya ne. Ga shi wani mai jaki ya raɗa mata cewa Jumma na kwance, jiki ya yi tsanani, sunanta take kira.

Ta kashe wuta, ta yafa zane, ta nufi iyaka. Gardin da ta tarar Ado ne, ɗan maƙwabta.

"Inna, ba a wucewa."

"Ƙawata ba lafiya."

"Na sani, Inna. In na bar ki, bulala ce a bayana, kakin ma su tuɓe."

"Wane irin ƙawance ne nasu da damina ɗaya ke kashe shi? Su da ba su taɓa yi wa juna wankan jego ba!"

Ado ya sunkuyar da kai. Wallahi ni tausayinsa na ji, yaro ne mai kunya, ga iyali. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gobe da hantsi masu nono za su bi ta fadama. Ni kuwa ba na duba fadama."

Haka ta koma gida tana ƙunƙuni, abinci ma bai shiga ba. Kashegari ta aza ƙwarya a ka, ta shiga cikin matan Fulani, tsohuwa da ita, tana ta fama da taɓo har gwiwa, ƙaya na yagar zane.

Azahar ta gota lokacin da ta isa. Ta ga maza zaune jugum a ƙofar gidan Jumma, an jingine makara a bango. Ta sauke ƙwaryar da ke kanta.

Kaltuma, 'yar Jumma, ta fito da ƙwaryar ruwa da sabulu, ta durƙusa a gabanta.

"Tun asuba ne, Inna. Liman na ta aike a gaggauta, mun hana kowa ya taɓa ta. Ta ce za ki zo."

Baraka ta ɗaure zanenta, ta karɓi ƙwaryar, ta shiga ɗakin.