Radiyen Tsibiri

Ba banza aka sa wa ƙauyen suna Tsibiri ba. Da damina ta kankama kori yake zagaye shi, sai mutum ya hango hanyar likitar Ollelewa amma ba halin ƙetarewa. Fatu ungozoma ta san mata huɗu da ruwan nan ya tsare har rai ya yi halinsa. Ga ɗiyarta Ramla da cikin fari, haihuwa kuma a tsakiyar Agusta.

Shi ya sa ta yi guɗa ranar da Manzo mai gari ya kawo labari. Wai wani kamfanin sufuri zai zuba musu radiye, wato daɓen siminti a ƙasan kori, gwamnati kuma ta yafe masa lanho, wato haraji, gwargwadon abin da ya kashe.

Sai dai kori biyu ne a Tsibiri. Akwai Tsohuwa, wadda ruwa ya yi wa ƙaura shekara goma sha, har an shuka kuɓewa a cikinta. Akwai Sabuwa, mai faɗi da zurfi, mai cin jakuna. Ma'aikata suka sauke siminti a bakin Tsohuwa.

Fatu ta tari ɗan kwangilar, wani Abdulgafar mai ƙamshin turare.

"Ɗana, nan ko akuya ba ta jiƙa ƙafa. Ruwan yana can."

"Inna, takarda kori ta ce, ba ta ce wanne ba," in ji shi, yana murmushi. "Waccan ai sai ta ci kuɗin uku irin wannan."

Ashe ya sani sarai! Fatu ta juya ta bar shi a nan. Ta je gun Manzo, ta iske ya riga ya dangwala yatsa, ga sabon rago ɗaure a ƙofar gida.

"Fatu, ba a leƙa bakin dokin kyauta," ya ce, bai ko dube ta ba.

"To ai wannan ba doki ba ne, baba. Mushe ne."

Ranar bukin buɗe radiyen aka zo da tankar ruwa daga Tanut, aka kwarara a kan radiyen don hoto ya yi kyau, a garin da mata ke kwasar rabin yini a bakin rijiya. Manya suka tattare riguna suka taka, aka tafa. Aka kafa ƙaton allon ƙarfe mai sunan kamfani. Fatu ta tofar da yawu ta koma gida.

Naƙuda ta zo wa Ramla da hantsi, bayan ruwan kwana biyu. Zuwa azahar Fatu ta gane ɗan a gicciye yake, abin ya fi ƙarfin hannunta. Aka ɗora Ramla a amalanke. Suka haye radiyen a bushe ƙayau, suka isa Sabuwa tana ambaliya, jaki ya ƙi gaba.

Fatu da kanta ta koma ta girgiza allon nan har ya fita. A kansa maza shida suka ɗauki Ramla, ruwa iya wuya. Ramla ta rayu, amma ɗan bai zo da rai ba.

Bayan kwana uku Manzo ya aiko a mayar da allo, wai masu duba aiki suna tafe. Fatu ta kai masa shi har zaure, ta jingine a gabansa, ga jinin Ramla ya bushe a jikin ƙarfen.

"Ga shi, baba. Ban wanke ba. Su duba da kyau."