Warin Fetur a Hannuna

Sau goma sha ɗaya Auta ya fizgi igiyar, ina ƙirgawa daga bakin murhu. Zarton injin ya yi tari sau ɗaya kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya koma ya yi shiru. Ruwan da aka kwana ana yi ya bar tsakar gida da sanyi, amma ƙanena gumi yake haɗawa, yana zagin injin kamar shi ya haife shi.

"Ja a hankali, ɗana, kada ka ji wa kafaɗarka ciwo," in ji Baba. Tun da bishiya ta danne masa ƙugu shekara huɗu da suka wuce, a ƙofar ɗaki yake wuni da bargo a cinya, yana sauraron sana'arsa a hannun wani.

Kafaɗar Auta kenan. Ni da na ɗebo ruwa, na ɗaga Baba na wanke shi, na share gida, ba a taɓa jin ina da kafaɗa ba.

Gaskiya zan faɗa, daɗi nake ji. Duk fizgar da ta tashi a banza sai wani abu ya yi sanyi a ƙirjina. Shekara goma sha biyu na yi a tsugune kusa da Baba a rumfar bayan gida, ina miƙa masa sufana, ina wanke ƙarafa da fetur a gwangwani, lokacin Auta na can yana bin ƙwallo. Ranar da aka dawo da Baba daga asibiti, sai ya kira Auta ya damƙa masa zarton da jakar kayan aiki. Ni kuwa aka ce in kawo wa baƙi ruwa. Ba injin nake so ba. So nake Baba ya buɗe baki sau ɗaya ya ce ni na iya.

Kwana tara kenan ina zargin inda ciwon yake. Injin da ke tashi da ja ɗaya in ya yi zafi, ya ƙi in ya kwana, ai ya gama faɗa maka damuwarsa. Na ja bakina na yi shiru, tunda ba a tambaye ni ba.

* * *

"Yaya, ɗan matsar da tukunyar nan," in ji Auta. Ya sunkuya ya ajiye zarton dab da garwashi.

"Dafa shi za ka yi?"

"Ɗumi yake so. Jiya ma haka na yi ya tashi. Ke dai ki ji da girkinki, wannan ba aikinku ba ne."

Wayarsa ta yi ƙara. Mai katakon da ya ba shi aiki ne, kuma ko daga inda nake ina jin faɗansa: safiya uku kenan ma'aikata na zaman jiran zarto, in yau ma aka makara wani zai nema. Auta ya fice ƙofar gida yana ta ba da haƙuri da muryar da ba ya yi mana ita a gida.

Aka bar ni da injin. Tankin cike yake, murfin bai ɗauru daidai ba, ɗigon fetur yana gangarowa a hankali ta gefen da ke kallon wuta. Na tsaya ina kallonsa. Allah ya yafe mini, a raina cewa na yi, ya ƙone mana, kowa ya huta, in ga abin da za a ƙara damƙa wa ɗan gaban goshi. Sai na hango gobe da safe: Auta a sunkuye a nan, fuskarsa a kan garwashi, yana jiran injin ya yi ɗumi. Ni na goye shi. Har yanzu akwai tabon haƙorinsa a kafaɗata.

Na fizge zarton na yi bayan gida da shi.

* * *

Rumfar tana nan yadda na san ta, sai dai Auta ya watsa komai inda ba wurinsa ba. Na goge fetur ɗin, na ɗaure murfi, na kwance fulogi. Fes yake, a bushe. Bayan ja goma sha ɗaya kamata ya yi ya jiƙe sharkaf, ke nan mai ne ba ya isowa. Na jingina fulogin da jikin injin na ja igiya, tartsatsin wuta ya ba da shuɗi mai kyau. Na bi tiyon mai da yatsa, babu tsaga.

Sai na cire murfin sama da matatar iska, na ja cok, na leƙa. Cok ɗin wata 'yar ƙofa ce da ke tare iska, don injin mai sanyi ya zuƙi mai da yawa. Ga ta nan ba ta rufe ba, ta bar kafar da farce zai shiga. Siririyar wayar da ke tura ta ce ta lanƙwashe, wani mai ƙarfin banza ya danne ta. Na sa filaya na miƙe ta a hankali, na ja, ƙofar ta rufe ruf.

Na mayar da komai wurinsa, amma ban yi gaggawa ba. Na zauna na jira har ƙarfen ya huce ya yi sanyi ƙalau, don kada ɗumin murhu ya karɓe mini yabo. Sannan na taka shi da ƙafa na ja. Ja na biyu ya yi tari. Na buɗe cok, na uku ya ɗauka, rumfar ta cika da ƙara da hayaƙi. Ban san lokacin da na yi dariya ni kaɗai ba.

Auta ya shigo da gudu.

"Ya tashi? Ban faɗa miki ba? Wuta ce maganinsa!"

"Ka ƙara kai shi kusa da wuta, ni da kai ne. Ja cok, ja biyu, buɗe, ja ɗaya. Ka ji ko?"

Ko bai ji ba oho. Ya kashe shi, ya saɓa a kafaɗa, ya tsaya Baba ya sa masa albarka, ya fice.

* * *

"Zo nan," in ji Baba.

Na durƙusa gabansa. Ya kama hannuna ya juya, ya dubi baƙin mai a ƙarƙashin faratana.

"Cok ne ko?"

"Wayar ce ta lanƙwashe, Baba."

"Na sani. Sau biyu ina ce masa ya duba, bai ma san inda zai leƙa ba." Ya yi murmushi. "Da na ji an yi shiru an jira ya huce, na ce wannan ke ce. Ko ni iyakar abin da zan yi kenan."

Shekara goma sha shida nake jiran wannan magana, ga ta ta zo a safiyar da ko wanka ban yi ba. Na buɗe baki zan yi godiya.

"Amma ya tsaya tsakaninmu," ya ce, ya rage murya. "Namiji ne, cikin maza yake fita. In aka ji yayarsa ke gyara masa, wa zai ƙara ba shi aiki? Ki riƙa duba masa shi da sassafe kafin ya tashi. Je ki wanke hannun nan kada wani ya shigo."

Ya sake ni, ya gyara bargonsa.

Ina bakin famfo ina cuɗa sabulu karo na uku maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga.

"Yau kam na ji injin ya tashi lafiya lau. Kai, Autan nan naku akwai hannu, ya gado Baba!"

Baba yana jinmu. Na jira. Bai ɗago ba.

"Akwai," na ce, na tura hannuwana cikin kumfa har wuyan hannu.