Giyar Tudu da Giyar Kwari

Gonar inabinmu a yankin Clare kashi biyu ce. Akwai ta tudu mai kallon kudu, inda rana ba ta daɗewa, ƙasar kuma duk tsakuwa da farin dutse. Akwai ta kwari, baƙar laka mai riƙe ruwa. Giyar tudu tsami-tsami take, da ƙamshin ɓawon lemo. Ta kwari zaƙi ne da nauyi kawai.

Kakata ce ta dasa tudun. Tarakta ba ta hawa wurin, da hannu muke komai, gwiwoyin Baba kuma sun gaji. Kowace shekara idan giya ta kwanta, sai in zuba kofi biyu, na tudu da na kwari, a bayan idonsa, ya ɗanɗana ya nuna na tudu. Yakan ce ranar da ya kasa, ranar za a tuge inabin tudu. Da wasa yake faɗa, don bai taɓa kasawa ba.

Bana zafi bai raga wa kowa ba. Tun Fabrairu muka yi girbi, abin da a da sai Afrilu. Har a tudu inabin ya ƙone a gefe ɗaya.

Na ajiye kofunan a kan ganga. Maƙwabcinmu Wendell, mai motar tona ƙasa, ya zo kallo kamar kullum.

"To, tsoho, a nuna mana hancin nan da ake ta yabo," in ji Wendell.

"Kai da ba ka bambanta giya da ruwan wanki, yi mana shiru," Baba ya ce.

Ya shinshina na farko, ya kurɓa. Ya ɗauki na biyu. Ya koma na farko, ya daɗe.

"Corey, iri ɗaya ka zuba mini?"

"A'a, Baba."

"Ɗanɗana."

Na ɗanɗana. Ni na zuba da hannuna, na san na hagu ne na tudu, amma bakina bai gaya mini haka ba. Duk zaƙi ne da nauyi.

"Mura ce ke damunka," Wendell ya ce wa Baba a hankali. "Bari sai baɗi."

Baba ya zubar da giyar kofunan a ƙasa, ya juya ga Wendell.

"Baɗi ma haka za ta yi. Yaushe motarka ba ta da aiki, a zo a tuge?"

Ni dai na ɗauki kofunan na tafi wankewa.