Kalmar da Baraka Ta Ƙwato

Sun riga sun naɗe tabarmarta sun ɗaure tukwane a zane lokacin da na shigo. Sallau, ƙanenta, yana tsakar gida yana ba da umarni. Ita kuwa Baraka tana jingine da garu, bakinta a karkace, hannun dama a yashe kan cinya. Ido kawai take bin kayan da shi.

"Ina za ku kai ta?" na tambaye shi.

"Malanbil, ƙetaren kogi, wurina. Jirgi na jira bakin kogi. Yaya ba ta san inda take ba yanzu, Kaltuma."

Ta sani. Katanga ɗaya ta raba mu tun ina amarya, na san idonta. Baraka ce mai bandar kifin da direbobin kamyo, manyan motocin kaya masu zuwa Doso, ba su wucewa sai sun tsaya, macen da ta taɓa korar ɗan duwan, wato ɗan kwastan, daga rumfarta da muciya. Da damina ta faɗi bakin murhu, magana ta ɗauke. Mutane suka ce iskar kogi ce ta shafe ta.

Da suka zo ɗaga ta, ta rungume turmi da hannun hagu ta ƙi saki. Suka ja, turmi ya biyo su. Sallau ya ji kunyar maƙwabta, ya ce zai dawo bayan bikin salla, ko tana so ko ba ta so.

A lokacin akwai ɗaliban likita daga lakkol ɗin Dakar, makarantar likitoci, suna koyon aiki a gidan likitan garinmu Gaya ƙarƙashin wani babbansu. Suna duba kurame da masu in'ina da waɗanda hankalinsu ya taɓu, ba su karɓar abin da ya fi ƙarfin talaka. Ana ta cewa da kan mutane suke koyon aski, ni ma haka na ce. Amma da na ba Baraka labari, sai ta nuna mini ƙofa da haɓa. Na ari jaki muka tafi.

Ɗalibin da ya karɓe mu Hamani ne, Bazabarme siriri, Hausarsa na tuntuɓe. Na fara yi masa bayani, ya ɗaga mini hannu, ya tsuguna gabanta.

"Inna, in kina gane abin da nake faɗa, matse mini hannu."

Ta matse har ya cije leɓe.

"Hankalinta garau yake," ya ce. "Hanyar magana ce ta toshe." Babbansu ya zo ya saurari ƙirjinta, suka yi Faransanci, sannan Hamani ya juyo. "Ba zan ɓoye miki ba, Inna, zuciyarki ta gaji, wannan ya fi ƙarfinmu. Baki kuwa muna iya gwadawa."

Kullum da hantsi yake zuwa gida. Ya ɗora yatsunta a maƙogwaronsa ta ji yadda murya ke motsi, ita ma ta gwada. Ya so su fara da "ruwa", don amfaninta. Ta girgiza kai. Ya kawo "zafi", ta sake girgiza kai. Sai ya lura da abin da kan ke faɗa, ya yi dariya.

"Shi kike so? To, buɗe baki."

Ta sha wuya. Miyau ya zuba, ta yi gumi, rannan har ta jefe shi da ƙwarya don haushi. Ya ɗauko ya miƙa mata, suka ci gaba. Ƙafafunta na kumbura, numfashi na gajarta, amma ba ta taɓa yarda ya tafi da wuri ba.

Bayan salla Sallau ya dawo da mutum biyu. Bai gaishe ta ba, ni ya gaisar.

"Ku ɗauke ta a hankali."

"A'a."

Muryar ta fito a kaushi, kamar ta wani. Mutanen suka tsaya. Baraka ta bugi ƙasa da tafin hannu.

"Nan."

"Yaya, wa zai kula da ke a nan?"

Ta daɗe tana kokawa da harshe, jijiyoyin wuyanta a tashe. Ba wanda ya taimake ta.

"Kai," ta ce, tana nuna shi da haɓa.

Sallau ya dubi ƙasa. Ya sallami mutanen, ya cire takalmi ya zauna kusa da ita.

Shi ya yi jinyarta har ƙarshe. Ta rasu wata safiyar Laraba a ɗakinta, kanta a cinyarsa. Ranar da masu gaisuwa suka watse na leƙa ta katanga, na ga Sallau a duƙe, babbar riga a kafaɗa, yana share tsakar gidan da guntun tsintsiya, kaji na bin bayansa suna tsince abin da ya tara.