Tsaga Uku a Wuyan Jita

Takardar gayyatar ta zo ranar Litinin, ni na karanta wa Baba ita, tunda shekara takwas ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Gidan rediyo zai cika shekara hamsin, kuma suna so wanda ya kaɗa taken shirinsu na safe ya zo ya sake kaɗa shi kai tsaye, a zauren taro, ranar Asabar ta makon gobe. Taken bai wuce daƙiƙa arba'in ba. Shi ya riƙa tashin mutanen garin daga barci tsawon shekara talatin, shi ya sa har yau akwai waɗanda ba su gama yafe wa Baba ba.

"Sake karanta wurin da suka ce 'shahararren makaɗi'," in ji Baba.

Na sake.

"A hankali, Ticha. Ba kiran sunan ɗalibai kake yi ba."

Lissafi nake koyarwa a sakandare, amma a gidanmu wannan bai taɓa zama dalilin a saurare ni ba.

Jitar tana rataye a bangon falo, kusa da kalandar da ba a canza ba tun bariya. Ta lantarki ce, ta girme ni da shekara biyu. Kullum bayan la'asar Baba yakan lalubo ta, ya jona ta da ƙaramar sifikarsa, ya kaɗa wa Mama da kajin maƙwabta. A zamanin da ya saye ta ja ce jawur. Yanzu jan ya koma kalar hanta, fentin ya tsattsage ko'ina, inda damtsensa ke gogawa kuwa katakon ma ya fito fili.

"Za a zo da kyamara, ko?" Baba ya tambaya. Na ce za a zo. Sai ya juya inda yake jin motsin Mama. "Ke, gaya mini gaskiya. Yaya take yanzu?"

"Ka san diddigenka lokacin sanyi?" in ji Mama. "To, shi ya fi ta kyan gani."

Nan take Baba ya yanke hukunci. Ba zai hau dandamali da abu mai faso ba. A yi mata fenti, ta koma yadda ya san ta.

Da yamma Yaya ta zo da mijinta. Yaya ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, kuma a wurinta duk abin da ya tsufa mai daraja ne, in ka cire barkwancin mijinta. Shi kuwa mai fentin mota ne. Sheƙi ake ce masa, don ko keken guragu aka kai masa sai ya fito da shi yana ɗaukar ido. Ya durƙusa ya gai da Baba, amma idonsa na kan jitar, irin kallon da mahauci ke yi wa sa.

"Haba Baba!" in ji Yaya. "Wannan tsagar tarihi ce. Masana sun ce duk wanda ya sake wa tsohuwar jita fenti ya kashe ta."

"Masanan sun taɓa kaɗa ta?"

"Ba kaɗawa ba ce maganar."

"To ni ita ce maganata."

Sheƙi ya yi gyaran murya. "Baba, ku ba ni mako guda. In ƙuda ya sauka a kanta bai zame ba, ku canza mini suna."

"Kai yi mana shiru," in ji Yaya. "Kai da ka taɓa yi wa turmin gidanmu fenti."

"Bai yi kyau ba?"

Aka juyo kaina, na ce duka ɓangarorin biyu suna da hujja. Mama ta ce shi ya sa har yanzu ba a ba ni shugaban makaranta ba.

Yaya ta sha kaye, amma ba ta tafi haka nan ba. Ta shimfiɗa jitar a kan tebur, ta zaro ƙaramar rula daga jakarta, ta bi kowace tsaga tana ɗaukar hoto da waya, gaba da baya da gefe, kamar mai haɗa hujjar shigar da ƙara. Sai da ta ɗauki fiye da ɗari. Sheƙi ya jira ta gama, ya naɗe jitar a bargo, ya fita da ita yana fito.

Don kada hannun Baba ya yi sanyi, na aro masa jitar makarantarmu. Sabuwa ce dal. An saye ta don nuna wa masu duba makarantu, kuma tun daga ranar babu wanda ya dame ta.

Washegari bayan la'asar Baba ya ɗora ta a cinya, ya daidaita tsirkiyoyin da kunne, ya fara taken. Sauti huɗu na farko suka fito daidai. Da hannunsa ya zame zuwa ƙasa don na biyar, sai wani abu ya fito daga sifikar mai kama da kukan ƙofar da ba ta ga mai ba. Ya sake, ya sake kuskurewa. Ya ce tsirkiyar ce. Kwana biyu bayan nan ya ce sifikar ce. Da mako ya zagayo ya daina ɗora wa kowa laifi, kuma wannan ne ya tsorata Mama.

Ranar Laraba, saura kwana uku, na dawo daga makaranta na same shi zaune da jitar a cinya, ba ya kaɗawa.

"Ticha, ɗauko biro. Rubuta musu cewa ba ni da lafiya."

"Lafiyarka lau, Baba."

"Hannun ya bi idon." Ya faɗe shi a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. "Shekara hamsin ina kaɗa abin nan daga zuciya, ko barci nake zan iya. Yanzu daƙiƙa arba'in ta gagare ni. Ba zan je in tozarta a gaban waɗanda na tasa daga barci ba. In jitar ta dawo, ka kai wa yaran makarantarku."

Na roƙe shi ya gwada sau ɗaya tak, kafin in nemo biron. Tunda ba na son ganin fuskarsa, sai na tsaya a bayansa. A rayuwata ban taɓa kallon Baba yana kiɗa ta baya ba. Kowa yatsun gaba yake kallo. Ni a ranar babban yatsansa na gani, wanda ke bayan wuyan jitar. Kafin kowane sauti sai ya yi ta shafa katakon, sama da ƙasa, kamar baƙon da ke laluben makunnin fitila a ɗakin da bai sani ba. Katakon kuwa sumul yake, babu abin da zai samu.

Na fita tsakar gida na kira Yaya na ce ta turo mini hotunan bayan wuyan. Ga su nan kuwa. A cikin ƙananan tsagogin akwai manya uku da suka gitta wuyan: ɗaya daidai bayan ƙarfe na uku cikin ƙarafan da ke jere a gaban wuyan, ɗaya bayan na biyar, ɗaya bayan na bakwai. Gefen kowace ya yi baƙi, ya sha guga. Tun da idon ya tafi, yatsan ne ke karanta masa hanya, kuma bai taɓa ganin ya dace ya sanar da mai shi ba.

Na kira Sheƙi sau shida, bai ɗauka ba. Na tari tasi.

Garejinsa rumfar kwano ce mai warin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, injin iska na ruri a lungu, motoci biyu an lulluɓe gilasansu da tsofaffin jaridu. Gangar jikin jitar tana rataye da waya daga rufi, ja jawur, har ina ganin hancina a ciki. Ya kwance wuyan daban, ya ɗaure shi a teburin aiki, yana goge shi da samfefa cikin nishaɗi.

"Tsaya! Sheƙi, don Allah tsaya!"

Ya zare ƙyallen hancinsa. "Ticha, lafiya? An ƙara muku albashi ne?"

Na tura shi gefe na duba. Ya fara daga sama, ya ci kusan taƙi ɗaya. Tsaga ta biyar da ta bakwai suna nan. Ta uku kuwa babu ko alamarta, wurin ya yi fari fes kamar tafin jariri.

Na yi masa bayani. Ya saurara, ya zauna a kan galan, ya dafe kai.

"Wato na goge wa surukina ido."

"Ɗaya daga cikin uku."

"Yayarka za ta ji?"

"Tana hanya."

"Innalillahi."

Yaya ta iso da maganganun da ta tanada tun mako guda, amma da ta ga fuskar mijinta sai ta haɗiye rabi. Sauran rabin ma ya isa. Da ta gama, ta buɗe hoton tsaga ta uku, ga rular nan kwance kusa da ita. Na ari fensir na yi awo a bayan wani kwalin fenti: nisanta daga ƙarfen, tsawonta, da yadda ta ɗan karkace ta gefen hagu. Karo na farko ke nan da lissafi ya yi wa gidanmu amfani, kuma na tabbatar kowa ya ji.

"To yanzu me kuke so in yi?" in ji Sheƙi.

"Ka mayar da banish inda ka goge," na ce. "In ya bushe, ka tsaga shi."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Ni? Shekara ashirin da bakwai ina share ƙarzuwa. Ko ƙusa ba na bari a aljihuna. Yau ni zan ƙarji aikina da hannuna?"

"Ai ka ce babu abin da ya gagare ka," in ji Yaya.

"A gyara na ce!"

"To wannan ma gyara ne."

Ya fesa banish ɗin, wato man sheƙin katako, a ranar. Ranar Juma'a da safe ya wasa wata siririyar aska, ya gwada hannu a kan guntun katako har sau goma sha ɗaya, sannan ya kore mu duka waje, ya ce ba ya son shaida. Da ya kira mu, tsagar na nan, da karkacewarta da komai. Ya ma goga mata ɗan baƙin mai don ta yi kama da 'yan'uwanta. Ya ce in wani mai fenti ya ji wannan labari, ba ni ba shi.

Da la'asar muka kai wa Baba. Na fara yi masa bayanin yatsa da tsaga, ya katse ni.

"Shirme. Daga zuciya nake kiɗa."

Ya shafa gangar jikin, ya shinshina, ya tambayi Mama ko ja ce. Ta ce ja ce har tana cizon ido. Ya jona waya. Babban yatsansa ya zame ya tsaya cak a ta uku, kamar wanda ya dawo gida ya tarar da takalminsa inda ya bari. Taken ya fito daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe. Mama ta shige kicin da sauri, wai ta bar abu a wuta. Ba ta ɗora komai ba.

Ranar Asabar zauren ya cika. Aka yi jawabai tara, kowane mai jawabi ya fara da cewa ba zai ja dogon bayani ba. Sannan na riƙo hannun Baba na kai shi kujera a tsakiyar dandamali. Fitilu suka sauka kan jitar, wani mai kyamara ya ja da baya yana kare ido. Sheƙi, daga layi na biyu, ya gaya wa mutanen da ke gefensa, da na bayansa, wanda ya yi aikin.

Baba ya kaɗa daƙiƙa arba'in ɗinsa. Kafin ya kai rabi, tsofaffin da ke zauren sun miƙe tsaye. Wani mai furfura ya ɗaga sanda yana ihu cewa wannan kiɗan ne ya sa bai taɓa makara a wurin aiki ba, kuma har yau yana jin haushi. Da aka kai ƙarshe Baba bai tsaya ba. Ya zarce da abin da bai taɓa samun wuri a rediyo ba, ragowar waƙar da aka yanke masa shekara hamsin da suka wuce. Mai gabatarwa ya yi ta ɗaga masa hannu alamar lokaci ya ƙare. Ya ɗauki minti huɗu kafin wani ya raɗa masa abin da ya sa alamar ba ta aiki.

A mota, muna komawa, Yaya ta ce wannan ya nuna ita ce mai gaskiya. Sheƙi ya ce a tambayi masu kyamara. Baba na gaba, jitar a cinyarsa, yana shafa wuyanta.

"Sheƙi."

"Na'am, Baba."

"Ta ukun nan, wa ya yi ta?"

Sheƙi ya dubi Yaya, Yaya ta dubi taga.

"Ni ne, Baba."

"Ta fi tsohuwar zurfi kaɗan."

"Ku kawo in cike ta gobe, in sake..."

"Kul," in ji Baba. "Ka sake taɓa ta, sai na karɓe 'yata."