Dakalin Khalidu

Latifatu ba ta daɗe da fita takaba ba, sai ga wakilin unguwarsu a Asawase ya yi sallama. An kafa kwamitin ba gwamnati shawara kan magudanan ruwa da ambaliya, ana neman mutum ɗaya daga Zongo.

"Anti Latifa, ke ruwan nan ya ci a gida," in ji shi. "Ke za ki je."

Ba ta yi masa gardama ba. Mijinta Khalidu, magini, daminar bara ya fita ɗauko tsohuwar maƙwabciyarsu da ruwa ya rutsa a ɗaki. Tsohuwa ta tsira. Shi kuwa sai can wajen Krofrom aka tsince shi. Tun daga ranar Latifatu take neman wanda za ta nuna wa yatsa, ga shi an miƙo mata kujera a gabansu.

Ranar zaman farko ta hau trotro, motar haya, zuwa Adum da maganarta a baki, ta yi ta bitarta har ta haddace. Masu kwat sun hallara, ana ta Turancin canjin yanayi kamar ruwan ma da Turanci yake shiga ɗaki. Ta zauna tana jiran lokacinta.

Sai injiniyar kwamitin, wata budurwa mai suna Hikima, ta haska hoto a bango.

"Ruwan sama ya ƙaru, gaskiya ne. Amma a layin nan, a nan ya toshe. Wani ya zuba siminti a kan gota, shara ta cushe a ƙasa, ruwa ya koma gidaje."

Latifatu ta san wannan simintin. Kowa ya san Zongo ba fili. In an yi haihuwa ko rasuwa, a kan titi ake shimfiɗa tabarma. Shi ya sa Khalidu ya rufe kwatar ƙofar gidansu, ya yi faffaɗan dakali da aljihunsa, liman har ya sa masa albarka. A kansa aka raɗa sunan 'ya'yan layin. A kansa aka zauna addu'ar Khalidu. Har yau kullum da safe ita ke share shi.

Zuciyarta ta karye. Maganar da ta haddace ta bi iska, don babu wanda za ta faɗa wa.

"Dole a fasa shi kafin damina," Hikima ta ci gaba, ba ta san gaban wa take magana ba. "Sai dai a fara nemo mai shi. Mutanenmu akwai rigima, zai iya hanawa."

Shugaban zaman ya juyo. "Madam, ke ce 'yar Zongo. Kin san shi?"

Latifatu ta gyara mayafinta, ta daɗe tana kallon hoton. Ga tsintsiyarta ma can a gefe, jingine da bango.

"Na san shi," ta ce. "Ku fasa. Ba zai hana ba."