Ranar da Injiniya Ya Je Sayen Hedfon

Kowa a layin Injiniya yake ce masa, duk da ko fanka bai taɓa gyarawa ba. Aikinsa haɗa kiɗa a kwamfuta, irin kiɗan nan da babu ganga babu makaɗi, sai dai mutum ya zauna yana jera sauti ɗaya bayan ɗaya har ya zama abin da matasa za su taka. Ɗakin aikinsa wani ƙaramin shago ne da ya liƙe wa soso a bango, tela a damansa, mai walda a hagunsa. Saboda waɗannan maƙwabta ne shekara tara bai dogara da lasifika ba. Hedfon ne a kansa tun safe har a tashi.

Ranar Asabar hedfon ɗin ya fara masa wasa. Ɓangaren hagu ya dushe kamar an tusa masa auduga. Injiniya bai yi mamaki ba, don fatar jikin hedfon ɗin ta daɗe da ɓarewa, wayar kuma an naɗe ta da salatif wuri uku. Ya lallaɓa da shi haka, ranar Laraba da hantsi ya rufe shago ya tafi neman sabo.

Shagon da yake saye a saman bene yake, siriri ne, hedfon rataye a jikin ƙusoshi tun daga ƙasa har silin. Mai shagon dattijo ne mai tumbi, ya yi shekaru yana aiki a gidan rediyo kafin ya kama kasuwa, kuma ba ya sayar maka da abu sai ya yi maka karatu a kansa. Ya fara tambayar Injiniya, na jin daɗi yake so ko na aiki? Ya nuna masa wasu jajaye masu ƙyalli, ya ce waɗannan na masu son ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ne, bas suke ƙarawa, wato kaurin sauti, su yi wa mummunan kiɗa kwalliya. Mai haɗa kiɗa kuwa yana buƙatar wanda ba ya ƙarya. A cikin marasa ƙaryar ma iri biyu ne: mai rufaffen baya, wanda yake tare hayaniyar waje amma yana dafa kunne, da mai raga a baya, wanda sauti yake sakewa a cikinsa amma duk abin da ake yi a titi da kai za a yi.

Injiniya ya ce da mai walda a jikin bangonsa, ai ba sai an tambaya ba. Suka yi dariya, dattijon ya sauko masa da rufaffe.

Yana da kiɗan da yake gwaji da shi a wayarsa, nasa ne, ya san kowane lungu na cikinsa. A daƙiƙa ta ashirin akwai wata siririyar ƙara kamar ta cokali a jikin kofi, tana tasowa daga kunnen dama ta ratsa kai ta sauka a hagu. Ya sa hedfon, ya rufe ido. Ƙarar ta taso, ta zo tsakiyar kansa, sai ta ɓace.

Ya cire, ya ce wannan yana da matsala a hagu. Mai shagon bai yi musu ba, ya miƙo wani. Shi ma haka. Na uku mai raga ne, mai tsada, sabo fil a kwalinsa. Ƙarar ta zo tsakiya ta ɓace. Injiniya ya fara wasa da dattijon, yana cewa ko dai jirgin da ya kawo kayan nan ta hagu ya jiƙe. Dattijon ya karɓi hedfon ɗin ya sa a kansa, ya saurara har kiɗan ya yi nisa. Da ya cire, ba dariya a fuskarsa.

"Juya shi," ya ce. "Na dama ka sa a hagu."

Injiniya ya juya. Yanzu ƙarar daga hagu ya kamata ta taso. Ya jira ta. Daƙiƙa ta ashirin ta wuce bai ji komai ba, sai can ta ɓullo a tsakiyar kansa ta sauka a dama, tas da ita.

Ya tsaya riƙe da wayar. Ya kai hannu ya taɓa kunnen hagunsa. A lokacin ya tuna cewa ranar Asabar ɗin da safe ya tashi yana jin kamar ruwa ya shige masa kunne, har ya yi ta karkata kai yana tsalle da ƙafa ɗaya, 'yan biyunsa suna dariya. Ya tuna jiya matarsa ta ce sau uku ta kira shi daga kicin bai amsa ba.

Dattijon yana ta magana, wai wataƙila datti ne kawai, shi ma ya taɓa yi. Injiniya yana ganin bakinsa yana motsi amma hankalinsa ba ya wurin. Ya ajiye hedfon ɗin a kan kanta, ya ce zai dawo. Ya sauko benen. A bakin titi wani mai babur ya danna masa oda, ya waiga dama, ashe mutumin a hagunsa yake, har madubin ya gogi rigarsa.

Yayarsa nas ce a babban asibiti, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har gobe kuma da "yaron nan" take kiransa. Ya buga mata. Da sabo ya kara wayar a kunnen hagu, sai ya ji muryarta can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Ya mayar da wayar dama. Ya yi tsammanin za ta yi masa faɗa a kan kiɗa kamar kullum, ta ce ya sa man zaitun ya kwanta. Sai ta tambaye shi ko akwai ciwo, ko ruwa yana fita, ya ce babu. Ta tambayi tun yaushe. Da ya ce Asabar, muryarta ta canza.

"Kada ka koma shago. Ka taho yanzu, ina bakin get."

Wannan muryar tata ta fi komai ba shi tsoro.

Likitar kunnen wata mata ce mai gilashi da ba ta da yawan magana, ta leƙa kunnen da 'yar fitila. Injiniya yana ta addu'a a zuciyarsa Allah ya sa ta ga datti, ko ƙwaro, ko ma mene ne da za a iya sa hantsaki a ciro. Ta ce kunnen fes yake. Ta buga wani ƙarfe mai kai biyu a gwiwarta, ta dafa gindin ƙarfen a goshinsa, ta ce ta ina yake jin ƙarar. Ya ce ta dama. Ta rubuta.

Daga nan aka shigar da shi wani ɗan akurkin ɗaki mai ƙofa mai kauri, aka ɗora masa hedfon na asibiti, tsoho mai matse kai, aka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Na dama ya wuce kamar wasa. Da aka koma hagu, ya zauna yana jira. Ta gilashin taga yana ganin ma'aikacin da yake gwajin yana murɗa abu, ya ɗago ya dube shi, ya sake murɗawa. Ya san ana turo sauti. Babban yatsansa yana kan maɓallin, gumi ya jiƙa shi, har ya ji kamar ya danna kawai don mutumin ya daina kallonsa.

Likitar ta yi masa bayani ba tare da kwana-kwana ba. Matsalar a can ciki take, wurin da ba a gani. Yakan zo farat ɗaya, sau da yawa ba a gano dalili, kuma ba za ta iya rantsewa cewa hedfon ne ya jawo ba, ko da yake shekara tara na ƙara bai yi masa alheri ba. Akwai magani, ana so a fara da wuri. Wasu jinsu yana dawowa duka, wasu rabi, wasu ba ya dawowa.

"Ni a wanne nake, likita?"

"Ban sani ba tukuna. Da ranar Asabar ka zo, da na fi sakin jiki."

Yaya ta harare shi, amma a hanyar karɓo magani ta riƙe masa hannu kamar za ta tsallakar da shi titi.

Kwanakin da suka biyo baya bai je shago ba. Wata mawaƙiya da take jiran kiɗanta ta yi ta kira, ya ce mata kwamfuta ce ta lalace. Bai iya gaya wa kowa a harkar ba, don ya san yadda magana take yawo: gobe za a ce Injiniya ya kurumce, jibi a kai aiki wani wuri. Kunnen kuma bai yi shiru ba, wani fito ya kama yi, siriri, ba ya tsayawa ko ana cin abinci. Maganin ya hana shi sukuni, ya sa shi ci kamar gara. Matarsa, Maman Biyu, ta koma zama ta damansa ba tare da ta ce komai ba, ta kuma hana yaran ihu a ɗaki. Wannan lallaɓawar ma tsoro take ƙara masa. Yakan zauna a tsakar gida yana lissafin sana'ar da mutum mai shekara talatin da shida zai fara daga farko, ba ya samun ko ɗaya.

A rana ta tara da la'asar, ɗaya daga cikin 'yan biyun ta saki murfin tukunya a kan siminti. Ƙarar ta shiga kunnen hagun a yage, kamar lasifikar da ta fashe. Ya dafe kai ya durƙusa. Ya ɗauka abin da ya rage ne ya ƙarasa lalacewa, ya kira Yaya. Ta sa shi ya maimaita abin da ya ce.

"A hagun ka ji?"

Ya ce a hagun.

"To yaron nan, ai ji ka yi."

Bayan sati uku aka sake shigar da shi akurkin ɗakin. Wannan karon ya danna maɓallin sau da yawa, sai can wajen ƙarshe ya koma zaman jira. Likitar ta ɗora takardar farko kusa da ta biyu ta nuna masa. Sautuka masu kauri sun dawo, muryar mutane ta dawo kusan duka. Sirara na can sama ba su dawo ba, kuma ta ce kada ya sa rai sosai. Ta kafa masa sharaɗi: ƙara ƙasa-ƙasa, hutu bayan kowace awa, kuma ya nisanci mai waldan nan ko ya toshe kunne.

Shagon ya bari gaba ɗaya. Ya kwashe kayansa ya dawo da su ɗakin baya na gidansu, inda babu abin da yake ƙara sai firji. Tunda babu hayaniyar da zai yi gasa da ita, mai ragar ya saya, wanda ake ji sarai ko an rage murya. Ya sa jan fenti a jikin maɓallin ƙara, iyakar da ba ya wucewa. In ya gama haɗa kiɗa sai ya juya hedfon ɗin ya sake saurara daga farko, don kunnen dama ya duba aikin da aka yi a hagu. Aikin kwana biyu ya koma na uku.

Mawaƙiyar ta zo karɓar kiɗanta, ta saurara sau biyu, ta ce a ƙara mata murya kaɗan a amshi. Ba ta ce komai a kan hagu ko dama ba. Yana tsaye a bayanta duk tsawon lokacin. Da ta tashi tafiya ya gaya mata gaskiya, ba kwamfuta ba ce. Ta jajanta masa, ta ce ƙanin babanta ma haka ya yi, sannan ta tambayi yaushe za su fara na gaba.

Fiton bai tafi ba, ya dai saba da shi. Amma har yanzu duk safiya, kafin ya sauko da ƙafa daga gado, sai ya kai hannu kusa da kunnen dama, mai lafiyar, ya murza yatsu biyu ya ji ko shi ma yana nan. Maman Biyu ta gan shi yana yi ya fi a ƙirga, ba ta taɓa tambayarsa ba.